Birkin da Ke Gefena

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Likita ce ta ba ni wannan littafin. Ta ce in riƙa rubuta abin da na ci, ruwan da na sha, ko na haɗiyi ƙwaya, da ƙarfin ciwon daga ɗaya zuwa goma. To, ga shi. Ƙwaya: na sha. Ruwa: kofi uku. Ciwo: tara. Na so in rubuta goma, sai na ga kamar raki ne.

Babban yatsan ƙafata ta dama ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi kamar tumatir. Ko zanin gado ya goge shi sai na ce wayyo. Ƙato da ni, shekara hamsin da uku, wai yatsa ɗaya ya kwantar da ni.

Sunan ciwon gawut, kuma ba baƙona ba ne, shekara huɗu ke nan muna tare. Likitar ta sake yi min bayanin da na riga na haddace: akwai wani abu a jini, yurik asid, idan ya yi yawa sai ya taru a gaɓa ya daskare kamar garin kwalba. Ƙwayar kullum ce ke rage shi. Ta ce, "Baba, kana shan ta kullum ɗin kuwa?" Maman yara na zaune a gefena, riƙe da takalmina ɗaya a cinya. Na ce ina sha. Likita ta dubi takardar gwajin jinina, ta dube ni, ta ce to bari mu koma ƙaramin awo mu sake farawa.

Manajan makarantar koyon mota da nake aiki ya ba ni hutun mako biyu. Motar ma tana wurin bakanike, saboda abin ranar Talata. Ba shi aka ce in rubuta a nan ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ƙwaya: na sha. Ruwa: kofi shida, da bin banɗaki sau shida a kan ƙafa ɗaya. Ciwo: takwas.

Maman yara ta kafa doka a gidan nan. Babu hanta, babu ƙoda, babu kayan ciki, babu lemon kwalba. Da rana ta kawo min dafaffen ganye da ƙwai ɗaya, na ce mata ni akuya ce? Ta ce akuya ba ta kumbura yatsa. Duk laifin ta ɗora wa mai gasa naman da ke bakin makarantarmu, wai idan ta gan shi sai ta kifar da teburinsa. Na bar ta tana ta faɗa, har ina taya ta. Bawan Allah nan rabona da tsayawa wurinsa ya fi wata biyu.

Ina kwance ina kallon silin, ba abin da ke zuwa min sai motar. Motar koyo tana da birki biyu, ɗaya a ƙafar mai koyo, ɗaya a gefen malami. Shekara ashirin da biyu ina zaune a wannan gefen, ko fitila ba a taɓa fasawa a hannuna ba. Duk wanda ya shigo ranar farko jikinsa na rawa, magana ɗaya nake gaya masa: ka yi kuskurenka son ranka, ƙafata na kan birki. Har sauran malamai sun mayar da ita abin tsokana, idan na shigo ofis sai su haɗa baki su faɗa. A da daɗi nake ji.

Asabar, da hantsi

Ƙwaya: na sha. Ciwo: bakwai. A kan kujera na yi salla, kamar kakana.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Manaja ya zo duba ni. Ni na koya masa mota tun bai da gemu, shi ya sa har yau ba ya zama sai na ce ya zauna.

Ya ce an ɗaure wa Baba maigadin makarantarmu hannu a asibiti, tsintsiyar hannun ce ta tsage lokacin da ya yi tsalle ya faɗi. An gyara ginshiƙin ƙofar. Sai ya ce Malama ba ta dawo ba, ya kira ta sau uku, ta ce ita ta gama da mota har abada.

Malama ɗalibata ce, malamar firamare, ta haura arba'in. Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, ana kai shi gashin jiki asibiti sau uku a mako. Motarsa na ajiye a gida babu mai ja, shi ya sa ta zo koyo. Ban taɓa samun ɗaliba mai naci irinta ba, har littafi take zuwa da shi tana rubuta abin da na faɗa. Darasi uku ya rage mata ta je gwaji. Ranar Talata muna dawowa filin makaranta, a daidai ƙofa ta so taka birki, ta taka totur. Shi ke nan abin da kowa ya sani.

Manaja ya ce, "Ai na gaya wa mai makaranta, tunda Malam ya ce ya taka nasa, to abin ya zo da sauri ne kawai. Da wani ne a gefen, da yanzu muna zaman makoki." Ya ce amma ya sa bakanike ya kwance birkin gefena ya duba, don hankalin kowa ya kwanta.

Na ce ya kyauta. Na tambaye shi yara. Da ya tafi na ce wa Maman yara kaina na ciwo, ta rufe min ƙofa.

Ƙwaya: na sha. Ruwa: ban ƙirga ba.

Talata, da safe

Mako ɗaya yau. Ciwo: biyar. Na fi son ranar da yake tara, don a lokacin ba na iya tunanin komai.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Bakanike ya zo, hannunsa baƙi ƙirin, ya ƙi shiga falo wai zai ɓata kujera. Muka zauna a baranda. Ya jira sai da Maman yara ta kawo ruwa ta koma ciki.

Ya ce, "Malam, na kwance birkin nan naka ɗaya bayan ɗaya. Na mayar, na gwada shi sau goma. Wallahi ko da ɗan yatsa ka taɓa shi, motar cak take tsayawa."

Na ce wataƙila ranar ya yi zafi ne. Ya ce wataƙila.

Sai ya zaro wata baƙar leda daga aljihun rigar aikinsa, ya ajiye a kan cinyata. Ya ce a ɗan akwatin gaban mota ya same su, a ƙarƙashin takardu, ya ga sunana a jiki. Katunan ƙwayar kullum ne, bakwai, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Da kuma tarkacen katunan maganin kashe ciwo na kemis, waɗannan kam duk an shanye.

Na fara borin kunya, na ce wa ya aike shi bincike a motar mutane? Ya ce shi fitilar ciki ya je gyarawa. Ya ce Manaja ya tambaye shi, ya ce masa bai gama dubawa ba tukuna. "Amma Malam, ba zan ce birkina ya ƙi ba alhali bai ƙi ba. Ni ma da sunana nake cin abinci."

Ya tafi bai sha ruwan ba. Na cusa ledar a cikin takalmina na dama, tunda shi ba mai sa shi yanzu.

Alhamis, bayan azahar

Abin da ya sa na daina, bari in rubuta, ko ni in gani.

Ciwon ya tafi, shi ke nan. Shekara biyu cur ban ji ko motsi ba. Ina tafiyata, ina aikina, sai ga ni kullum da safe ina haɗiyar ƙwaya kamar mara lafiya. Wata rana wani malami ya gan ni ina ɓallewa a ofis, ya ce, "A'a, Malam ma ya shiga sahun tsofaffi!" Aka yi dariya, ni ma na yi. Washegari na manta ban sha ba, ba abin da ya faru. Na ƙara mako, shiru. Na ce ashe na warke, likitoci ne dai ba sa son sakin mutum.

Maman yara ce ke karɓo min maganin duk wata, ta sa min a jaka don na ce a wurin aiki nake sha. Ni kuma in zura a akwatin mota. Idan yatsan ya ɗan yi tsami sai in tsaya kemis in sayi na kashe ciwo, biyu-biyu nake watsawa. Wata bakwai ina wannan wayon.

Ƙwaya: na sha. Yanzu kam da gaske ne.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yau da ƙasa za ta tsage da na shige.

Malama ta zo gidan nan. Ta zo da lemo da ayaba cike da leda. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a kan ƙafata da ke kan matashi da ƙanƙara, sai kawai ta fashe da kuka. Ta ce, "Malam, ka yafe min. Dubi yadda na ji maka ciwo. An ce garin danna birki ne ƙafar ta kumbura haka."

Ban san wa ya ce mata haka ba. Maman yara ta buɗe baki za ta gyara mata, na yi sauri na ce, "Ba komai, Malama, ƙaddara ce." Na ji Maman yara ta juyo ta kalle ni.

Malama ta ce ta je ta ba Baba maigadi haƙuri har gidansa. Ta ce ƙanin mijinta ya zo ya karɓe makullin motar tun ranar, ya ce ba zai zuba ido ta kashe masa ɗan'uwa a hanya ba. Ya samu mai saye, ƙarshen wata za a zo a ɗauka. Yanzu motar haya take tarewa, wani direban idan ya ga keken guragu sai ya ƙara wuta. A makon nan sau ɗaya kawai suka samu zuwa gashi, kuma masu gashin sun ce idan ana tsallakewa hannun zai ƙage.

Ta ce, "Gaskiyar ƙanin nasa ce. Tunda har kai da kanka ka taka birki motar ba ta tsaya ba, to ni ba a yi ni don tuƙi ba."

Na ce Allah ya kyauta. Abin da na ce ke nan. Na karɓi lemon, har da godiya.

Lahadi, da safe

Ban ci lemon ba. Yara sun shanye.

Litinin, da hantsi

Maman yara ta fito da takalmana za ta goge, don gobe zan koma asibiti. Ina jin ƙarar ledar daga ɗaki, na san an gama.

Na zaci faɗa za ta yi, na ma shirya amsa. Ta shigo ta jera katunan a kan gado, bakwai, ta daidaita su kamar mai shanya. Ta ce, "Baban yara, ka san layin da nake bi kafin in karɓo wannan? Tun asuba nake fita." Ta ce, "A gaban likita ka ce kana sha, ina riƙe da takalminka." Ta ce, "Na je na ci mutuncin mai gasa nama ranar Laraba a gaban mutane, ka sani?" Ban sani ba.

Ta ɗebo ruwa, ta ɓalle ta yau, ta sa min a tafin hannu, ta tsaya a kaina har na haɗiye. Ta ce in buɗe baki ta gani. Na buɗe.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na gaya wa likita gaskiyar ƙwayar. Ta ce ta sani tun ranar, jini ba ya rufa wa kowa asiri. Awon yurik asid ɗin jinina ya haura tara, ana so ya sauko ƙasa da shida ya zauna a can. Ta ce ba maganin ciwo ba ne da za a sha a ajiye, na hana taruwar abin ne, kuma sha ne na tsawon rai, ko ina jin ciwo ko ba na ji. Za ta riƙa ƙara awon ƙwayar a hankali, ana gwada jini duk bayan 'yan makonni. Ta ce a watannin farko ciwon zai iya sake tashi don tsohon da ya daskare yana narkewa ne, kada in ce magani ya ƙi in daina. Da ta ji yawan na kemis ɗin da na sha, ta ajiye biro, ta ce Allah ya so ni ƙodata ba ta taɓu sosai ba. Naman ma ta ce a rage, amma ba shi kaɗai ba ne, kada a mayar da gida kurkuku. Wannan na sa ta maimaita don Maman yara ta ji.

Ta tambaye ni aikina. Na gaya mata. Ta ce, "Da wannan ƙafar kake taka birki?" Na ce e. Ta ce, "Ranar da take ciwo fa?" Na ce ba na fita aiki.

Kai, ni dai ban san lokacin da ƙarya ta zame min haka ba. Fitowa take tun kafin in yi shawara.

Laraba, bayan la'asar

Ƙwaya: na sha. Ruwa: kofi takwas. Ciwo: biyu. Takalmi ya shiga. Manaja ya kira, ya ce motar ta dawo, Litinin in zo akwai sababbin ɗalibai biyu, duka ni suka ce suna so. Saura kwana tara wata ya ƙare.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake karantawa ba.

Ranar Talatar nan da ciwon na tashi. Tun a gida na san ya dawo, na watsa biyu na kemis na fita, don kada Maman yara ta gane ta tambayi dalili. Kafin darasin Malama, takalmi ya gagara. Na cire shi a cikin mota, na ɗora ƙafar a kan gwiwar hagu, na rufe da jarida. Na ce ai Malama ce, ta iya, zagaye ɗaya ne mu dawo.

A ƙofa da motar ta zabura, na sauke ƙafar. Na kai ta birkin. Yatsan ya taɓa ƙarfen, wani abu ya soke ni har ƙwaƙwalwa, na janye. Ni na janye. Akwai birkin hannu a tsakaninmu, abin da nake koya wa kowa a darasi na biyu, amma hannuwana duka biyun suna riƙe da ƙafata. A haka muka daki ginshiƙin. Kafin mutane su iso na zura takalmin, ban san yadda ya shiga ba.

Malama tana ta salati tana cewa laifinta ne. Manaja ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ka taka?" Na ce, "Na taka."

Juma'a, da safe

Ciwon ya sake tashi, wannan karon a idon sawu. Shida. Da na ga ƙwayar a hannun Maman yara sai raina ya ce, ka gani ko, ita ce ke tayar da shi. Na tuna maganar likita, na haɗiye.

Asabar, da yamma

Na miƙa wa Maman yara littafin, na buɗe mata shafin Alhamis, don bakina ba zai iya ba. Ta karanta a tsaye. Ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Matar nan ta durƙusa a gabanka a ɗakin nan."

Na ce idan na faɗa, kujerar ta tafi. Shekara ashirin da biyu. Wa zai sake ba ni ɗansa ko matarsa? Yaran da na koya wa aiki su riƙa nuna ni da baki? Na ce ai ba ni na taka totur ba. Na ce wataƙila in je in lallashi ƙanin mijin kawai, in ce ta iya mota, ba sai na tone komai ba. Na yi ta magana, ni kaɗai.

Da na gaji ta ce, "Ranar Litinin idan sabuwar ɗaliba ta shigo jikinta na rawa, me za ka ce mata?"

Ta tashi ta tafi kicin. Na ji tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na faɗa.

Na fara da Baba maigadi, don shi ne a ƙofa, hannu rataye a wuya. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Malam, da ma na ga ƙafarka ba takalmi lokacin da kuka fita, na ɗauka zafi kake ji." Ya ce ya yafe, amma sai da ya kawar da kai kafin ya faɗa.

Manaja ya fi wuya. Yana ganina ya miƙe tsaye kamar kullum. Da na gama ya ɗauki waya ya ajiye, ya gyara takardun da suke a gyare. Can ya ce, "Malam, ni na tsaya maka a gaban mai makaranta. Da sunanka na rantse." Ya ce ba zai kore ni ba, amma gefen mota kam na bar shi, sai likita ta rubuto cewa awon jinina ya sauka ya zauna, ko wata shida ne ko shekara. Kafin nan in koma aji in riƙa koyar da alamomin hanya a allo, aikin da muke ba sababbin malamai. Na ce to. Da zan fita bai miƙe ba.

Bakanike na ƙarƙashin wata mota da na wuce. Ya leƙo, na ɗaga masa kai, ya koma aikinsa.

Saura wuri ɗaya.

Talata, da safe

Na sa takalmi, na cire. Gobe.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na kira Malama na roƙe ta ta sa ƙanin mijinta ya zo, ina da magana. Na same su a falo. Mijin na kan keken guragu kusa da taga, dogon mutum, hannun damansa a naɗe a kan cinya, bakinsa ya ɗan karkace. Ya gaishe ni da ido. Ƙanin na zaune yana duba agogo.

Na ƙi zama. Na faɗa musu kamar yadda na rubuta, har jaridar ban bari ba.

Ƙanin ya ce, "To mun ji, ka yi abin kunya. Amma dai ita ta taka totur, ko ba ita ba?"

Na ce, "Ita ce. Kuma babu ɗalibin da bai taɓa yi ba, har manajanmu ya yi sau biyu a hannuna. Don wannan ranar aka ajiye ni a gefe. Da na yi aikina, da motar ta tsaya tun kafin ƙofa, mu yi dariya mu wuce, kai ba za ka ma ji labari ba. A cikin ɗaliban da na koyar, 'yan kaɗan ne suka kai ta nutsuwa."

Ya yi ta faɗa, ya kira ni abin da ya kira ni, ban musa ko ɗaya ba. Sai mijin ya ɗaga hannun hagu yana bubbuga hannun keken, yana son magana ta ƙi fita. Ya nuna aljihun ƙaninsa, ya nuna matarsa. Ya sake nunawa. Ƙanin ya zaro makullin ya ajiye a kan tebur da ƙarfi, ya ce idan wani abu ya faru ba ruwansa, ya fice.

Malama ba ta taɓa makullin ba. Duk tsawon maganar ba ta dube ni ba. Ta rako ni bakin ƙofa inda na bar takalmana. Na ce, "Malama, ki yafe min."

Ta ce, "Mako uku ina ganin ginshiƙin nan duk lokacin da na rufe ido. Gashi shida ya rasa." Ta ce za ta dawo makaranta ranar Litinin, amma in gaya wa Manaja ya ba ta wani malamin. Na ce ai ko ba ta faɗa ba, ni an sauke ni.

Ta ce, "Wata nawa ka yi ba ka sha ba?"

Na ce bakwai.

Ta waiga ta dubi cikin falon. Ta ce, "Shi biyar ya yi. Na hawan jini. Ya ce min ya ji sauƙi."

Ta koma ciki, ta tura ƙofar a hankali. Ina tsugune ina fama da takalmin dama, na ji motsin kofi da cokali, na ji ta tana ce masa ya daure ya buɗe baki.